Gamba a Iyakar Gona

Likitar Kalgo ta ajiye takardar gwajin. "Baba, cikin kalmomi biyar, ɗaya ka tuna. Mantuwar nan tana iya tsananta nan da shekara uku. Allah ne masani."

"Ashe ina da damina uku, ɗiyata," in ji tsohon.

Shi kaɗai ya san iyakokin gonarsu ta Dalijan, kuma yana tsoron rigima bayansa. Washegari ya tara 'ya'yansa. Yana tafe bisa iyakar gonar, suna dasa gamba a sawunsa.

A damina ta huɗu ya tsaya bakin gonar, ya dubi babban ɗansa.

"Bawan Allah, gonar wa ce wannan? Mai ita ya kyauta wa 'ya'yansa."

Ɗan ya riƙe hannunsa. "Ya kyauta, Baba."