Abin da Ke Bayan Muryar Umma

Na jona ƙaramar na'urar tace sauti tsakanin wayata da iyafis. Mai shago ya ce, "Yallaɓai, da wannan har motsin yatsun makaɗi sai ka ji."

Ba don waƙa na saye ta ba. Na kunna saƙon ƙarshe da Umma ta turo mini ina karatu a waje. An ce mini farat ɗaya ta rasu.

"Lafiyata ƙalau, ɗan nan. Ga ni a tsakar gida ina shanya. Kada ka kuskura ka taho, ka gama jarrabawarka."

Sau ɗari na saurare shi. Sai yau na ji wata mace a bayanta, ƙasa-ƙasa:

"Mama, ya isa haka. Bari in mayar miki da oksijin ɗin."