Maginin da Ya Sa Kafaɗa a Makara

Koma ka kwanta, Haladu. Wa ya ce ka sauko daga gado ka tsuguna mini? Gaisuwarka ta iso daga inda kake. Matarka ta tare ni a tsakar gida, ta ce wai jibi za ka hau babur zuwa ɗaurin auren ɗan maigidanka, alhali ɗinkin bayanka ko bushewa bai yi ba, don kawai kada a ce ba ka je ba. To, buɗe kunnenka, gwaggonka za ta ba ka misali. Ban yi boko mai nisa ba, amma wannan karatun a ɗakina na yi shi.

An yi wani magini. Ba zan kama sunansa ba, mace ba ta kama sunan mijinta ko yana kabari. Tun yana saurayi yake cuɗa ƙasa yana jefa tubali sama ana cafewa, har guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayansa ya goce ya danne jijiya. Ciwon ya sauka ƙafarsa ta hagu kamar an zura masa waya mai zafi, ko ruku'u ba ya iyawa. Aka kai shi babban asibiti aka yi masa aiki, irin wanda aka yi maka, kuma aikin ya yi kyau. Likita ya ce kada ya sunkuya, kada ya murɗa jiki, kada ya ɗauki abin da ya fi buta nauyi har sai an ba shi izini. Ya dawo gida yana kiyayewa. Yana salla a kan kujera, yana ɗan takawa daga ɗaki zuwa zaure, dafe da bangon da shi ya gina. Zafin ƙafar ya tafi, barci ya dawo, har ya fara neman ƙarin tuwo. Sai masu dubiya suka fara nasu aikin. Wannan ya ce ai ka warke, ji yadda ka yi ƙiba. Wancan ya ce su a zamaninsu ƙaho wanzami ke yi wa mutum, washegari ya koma gona. Wani kuma cikin dariya ya ce, "Sarkin gini ya zama amarya, sai an shigo ɗaki ake ganinsa." Yakan taya su dariya, amma in sun fita sai ya juya fuska ga bango.

Ana nan sai tsohon da ya koya masa gini ya rasu. Na riƙe wa maigidana riga na ce, sallar gawa ba ruku'u ba sujada, je ka yi ta ka dawo gida. Ya ce to. Da aka idar aka ɗaga makara, ka san yadda kuke yi ku maza: ana tafiya ana karɓa, kowa ya sa kafaɗa ya samu lada. Shi yana biye a baya da sandarsa. Sai wani ya waiwayo ya ce, "Ashe kai ba za ka ɗauki ubangidanka ba? Shi da ya ɗauke ka kana yaro?" Maganar ke nan, ba ta fi haka ba. Ya miƙa wa na kusa da shi sandar, kuma shi wannan mutumin ne ya ba ni labarin sauran. Ya kutsa ya sa kafaɗa. A hanyar maƙabarta akwai gangaren da ruwa ya zaizaye, na gaba ya yi tuntuɓe, nauyin ya taho masa gaba ɗaya. Bai saki ba, don ba a sakin gawa. Ya cije har aka karɓe shi, sannan ya zauna a bakin hanya, kuma bai ƙara tashi da ƙafafunsa ba. A amalanke suka dawo mini da shi. Aka koma asibiti, aka sake aiki, bai yi ba. Damina ta shigo ta fita yana kwance. Ni nake juya shi, ni nake wanke gyambon da kwanciya ta ci masa a kwankwaso, ni nake kwashe abin da baki ba ya faɗa. Masu cewa "ai ka warke" fa? Sun leƙo da farko, sun ce sannu, Allah ya sa kaffara ne, daga nan ƙafa ta ɗauke. Wanda ya yi masa gorin nan ko ta ƙofar gidan bai ƙara bi ba, sai ranar da aka fito da gawar maigidana. Ran nan kam an ce shi ne kan gaba wajen sa kafaɗa, yana neman lada.

Na san kwana ne ya ƙare, kada ka buɗe baki ka yi mini wa'azi, ban ja da hukuncin Ubangiji ba. Da mutane nake fushi, kuma da shi ma, Allah ya jiƙansa, da ya ba da ƙafafunsa don gudun kada a ce. Masu cewar nan ko ɗaya bai taɓa juya mini shi ba. Aure za a ɗaura ko babu kai, goro za a raba ko babu kai, amma 'ya'yanka ba su da wani bayan da za su jingina sai wannan da aka ɗinke. Ka aiki ƙanenka. In sun ce ka yi girman kai, ka ce gwaggonka ce ta zauna maka a bakin ƙofa, don kuwa zama zan yi, na taho da tabarmata. Hausawa sun riga sun gama magana: da muguwar rawa gara ƙin tashi.