Ragar Bakin Ruwa

Malamin wasanni ya riga ya ɗora biro a kan sunan yaron, saura ya ja layi. Gasar makarantu saura kwana tara, ga ɗan wasan da ya fi dogara da shi durƙushe a ciyawa yana haki.

"Wata biyu da suka wuce ba ka san gajiya ba," in ji malamin. "Biyar-biyar ne, minti ashirin ne, ban ƙara muku komai ba. Me ya same ka?"

"Wallahi ban sani ba, Malam. Ƙwallon ce ta yi nisa."

Sauran yaran suka yi dariya, su ma da ƙyar.

Wani tsohon masunci da ke ɗinkin koma a gefe ya ɗago kai. "Malam, inda golanka yake tsaye, nan na kama tarwaɗa ƙarshen damina."

Tun da ambaliya ta ci filin makaranta suke atisaye a fadama, kuma kullum a bakin ruwa malamin yake kafa sandunan raga ɗaya. Ya fara taku daga wannan raga zuwa waccan. Ranar farko arba'in ya ƙirga. Yau ya wuce arba'in, ya wuce sittin, bai tsaya ba sai a tamanin da biyu.

Ya tumɓuke sandunan, ya saɓo su a kafaɗa.

"Kogi ne yake janyewa, ni kuma ina binsa da ku. Tashi ka sha ruwa, ɗana, da kai za mu je."