Lallen Gwaggo Tabawa

Tun da aka kawo na'urar da ke karanta tafin hannu ta jefa wa mutum ƙuri'ar da ta ce zuciyarsa ke so, matan Unguwar Marina suka gano dabara: in hannu ya sha lalle, na'urar ba ta ganin komai, dole a ba ka takarda ka dangwala da kanka.

Shi ya sa Gwaggo Tabawa mai daddawa ta yi ƙunshi har sau uku, ta iso rumfar zaɓe da hantsi, hannu baƙi ƙirin. Ba layi, ba hayaniya. Sallau malamin zaɓe na zaune shi kaɗai.

"Ba ni takardata, Sallau."

"Ai kin gama, Gwaggo. Na'urar bana ba ruwanta da hannu. Kina shigowa ƙofa ta jefa miki."

Ta waiwaya ta dubi ƙofar. "To, wa na zaɓa?"

"Ƙuri'a sirri ce. Doka ta hana a faɗa wa kowa."

"Har ni?"

Ya sunkuyar da kai, ya kama babban yatsanta ya shafa masa tawada. Ta fito rana ta ɗaga yatsan ta duba. Lallen ya kama sosai, ko alamar tawadar ba a gani.