Jini a Gyalen Fatu

Tun kafin Sadisu ɗan acaɓa ya kashe babur a bakin iyakar Jibiya, Fatu da ke zaune a bayansa ta hango yayanta Mahmudu ya fito daga tsakanin motocin hatsi riƙe da gora. Ko sallama bai yi ba, ya sauke wa Sadisu ita a goshi. Babur ya kife, furar da ta kawo wa Mahmudun ta malale a ƙasa.

"Matsiyaci! Ana shari'ar Musulunci kake goya ƙanwata a babur?" Ya ƙara masa a haƙarƙari.

Fatu ta shiga tsakaninsu. "Yaya, jiya da ɗan maigidanka ya ɗauke ni a motarsa mai baƙin gilashi, kai ka buɗe mini ƙofa. Shari'ar taka ba ta leƙa cikin mota?"

Gorar ta tsaya a sama.

Sadisu bai rama ba. Jini na bin girarsa, amma ita yake kallo. Ta yaye gyalenta a gaban kowa, ta ɗaure masa kai.

"Fatu, ban da komai sai babur ɗin nan," ya ce a hankali.

"Na sani. Ɗaga shi ka kai ni gida. Da jinin nan za ka gai da Baba."