Gemun Anatole da Launin Kogi

Anatole ya taho daga tashar jirgin ƙasa yana tsalle kamar ɗan akuya, gemunsa na reto har cibiya, yana jan hannun wani baƙo mai doguwar hula.

Baƙon shi ne Gaspard, dillalin zane daga Paris. Shi ya dubi zanen Anatole ya ce ƙarya ce tsagwaronta, babu kogin da ke yin ja da kore da shunayya gaba ɗaya sai a idon wanda ya sha ya yi tatul. Anatole kuwa, duk masu zanen da suka taɓa kafa allo a ƙauyenmu ba wanda ya kama ƙafarsa a cika baki. Nan take ya kama gemunsa ya rantse: a zo a gani, in launin bai fito ba a aske shi ƙwal a gaban jama'a.

Gemun nan fa ba na wasa ba ne. Ya girmi rabin samarin garin.

Kuma mutumin da gaskiyarsa. Kullum da hantsi yakan kafa allonsa a kan gadar dutse, ya tsoma buroshi a fenti, ya tsoma a mai, ya goge a wando, ya jira. Can sai ruwa ya fara ado, launi bisa launi, sai ka ce bakan gizo ya faɗo ya narke. Ran Lahadi ne kawai launin ba ya zuwa. Anatole ya ce ai haske ma yana zuwa coci.

Abin da ke cin ransa ɗaya ne: matarsa Leontine ba ta taɓa gani ba. In ya ce ta zo, sai ta saɓi kwandonta ta ce, "Kai da ba ka da aiki je ka kalli ruwa."

Yau kam ya ce ba ta isa ba. Ya fizge kwandon ya ajiye a gindin gada, ya sa ta saka rigar zuwa coci, ya tsayar da ita kusa da baƙo.

Gari ya fashe. Mai gashin burodi ya bar tanda, limamin coci ya taho yana haki, Firmin wanzami ya kawo kujera ya zauna yana wasa aska a fata.

Hantsi ya yi. Ruwa na nan yadda yake, kalar miyar jiya.

"Yanzu zai zo, yallaɓai," in ji Anatole. "Kunyar baƙi yake ji."

"Ni ma kunyarsa nake ji," in ji Gaspard, yana cin cuku.

Rana ta ɗaga. Wata agwagwa ta wuce, jama'a suka yi mata tafi. Firmin ya ɗaga murya ya ce, "Maigida, gemun nan in cusa maka a matashi, ko in yi maka tsintsiya?"

Anatole ya roƙi kogin, ya lallashe shi, ya zage shi. Zufa ta jiƙa masa riga. Leontine ta ja tsaki ta ce ta gaji da tsayuwar banza, amma wa ya saurare ta?

Ƙararrawar coci ta kaɗa sha biyun rana, hantsi ya wuce. Gaspard ya share baki ya nuna kujera. Aka zaunar da Anatole, aka shafe masa fuska da kumfa. Ya runtse ido. Aska ta taɓa maƙogwaro.

Sai limami ya ƙwalla ihu: "Ku duba! Ku duba!"

Ga shi nan tafe daga bayan kwana, ja na bin kore, kore na bin shunayya, yana murɗawa yana ƙyalli, bai taɓa yin kauri irin na yau ba. Cuku ya suɓuce daga hannun Gaspard. Anatole ya ture wanzami, ya haye bangon gada da kumfa a fuska yana rawa.

"Maƙaryaci, ko? Faɗi mana, ɗan birni! Maƙaryaci?"

Gaspard ya cire hula ya ce duk zanen zai kwashe, a bangon gaba na shagonsa zai rataye su. Mai burodi ya rungume Firmin, Firmin ya rungume limami. Anatole ya waiga yana neman matarsa.

"Leontine! Kai, wannan mata! Yau ma ba ta gani ba!"

Ina za ta gani? Tana can bayan kwana a durƙushe kan dutsen wanki, ta makara tana sauri, tana jibgar wandunan Anatole masu danƙare da fenti da mai, tana matsewa a cikin kogi tana tsine wa mai su.