Shingen da Aka Yi wa Fure

Tunda an ba ka shugabanci har kana ɗokin gyara kowa da komai, zauna ka ji wannan. Akwai wata malama mai nazarin tsirrai da ke hawa duwatsun Mambila duk damina, da littafinta da tsofaffin jaridun da take danne furanni a tsakaninsu. Can ƙololuwa, inda gajimare ke saukowa ya yi ta yawo tsakanin shanu har mutum ya rasa ko tafiya yake ko mafarki, ta tarar da wani ɗan fure shuɗi, tsayinsa bai kai ɗan yatsa ba. Ba ya buɗewa sai gari ya washe da hantsi, kafin azahar ya rufe abinsa. Damina shida tana zaga duwatsu, ba ta gan shi ko'ina ba sai a wani ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma goma ba. Son furen nan ya kama ta ba kaɗan ba. Takan kwanta rub da ciki a cikin raɓa tana zana shi, ta manta da abinci. Ran da ta ga saniya ta taka guda uku, sai da ta yi hawaye. Ta sa aka kafa turaku, aka ja waya, aka zagaye wurin. Wani tsohon makiyayi ya dogara sandarsa yana kallo, ya ce, "Malama, tun zamanin kakana shanu ke kiwo a nan, furen kuma bai ƙare ba." Ta yi masa murmushi irin na masu takarda, ta koma birni hankalinta kwance.

Damina biyu aiki ya riƙe ta, tana ganin filin a mafarki ya yi shuɗi har bakin gajimare. A ta uku ta hau. Tun daga nesa ta hango shingenta tsaye, ko turke ɗaya bai faɗi ba, ta ji daɗi. Da ta matso sai ta ga ciyawar da ke ciki ta kai mata ƙirji. Ashe bakin shanun nan ne ke rage ciyawa, rana ta sami hanyar kaiwa ga ɗan furen. Ta durƙusa tana buɗa ciyawa da hannu bibbiyu har la'asar, ba ta sami komai ba sai ƙasa mai sanyi da ruɓaɓɓen ganye. Abin da kofato bai kashe ba tun kaka da kakanni, ita da ke son sa ta kashe shi da hannunta.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira an rasa ido.